Raken Saman Amalanke

Duk wanda ke shiga kasuwar Gaya lokacin rake ya san Alfari. Dogo ne siriri, mai ɗan gemu, da wani tsohon jaki da ya fi shi taurin kai. Gonarsa na can fadamar wajen Tunuga, gadon ubansa ce, kuma tun yana saurayi yake saran rake, ya ɗaure dami-dami, ya kawo gari a amalanke. Dendanci yake yi a gida, Hausa a kasuwa, in ransa ya ɓaci kuwa sai ya haɗa duka biyun ya zuba maka. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Amma a da, in aka tayar da maganar halas da haram a rumfar masu rake, to ka nemi wurin zama, don Alfari ba zai yi shiru ba sai an kira salla.

Ba baki kaɗai ba ne, haka yake a gidansa ma. Ɗiyarsa ta fari, Nuriya, ta taɓa tsintar mangwaron maƙwabta da ya faɗo ta kan danga, har ta gatsa. Haka ya tasa ta gaba, da gatson da komai, ta je ta mayar ta ba da haƙuri. Matarsa Kaltuma ta ce, "Haba Baban Nuriya, mangwaro ɗaya?" Ya ce daga ɗaya ake farawa. Shi dai burinsa a duniya bai wuce ya tashi 'ya'yan da suka san nasu suka san na mutane ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tsakanin fadama da gari akwai wani shinge: ganga biyu, igiya a tsakani, da benci a inuwar darbejiya inda masu kaki ke zama. Masu amalanken rake kuwa suna da wata al'ada da ba wanda ya san ranar da ta fara. Kafin ka bar gona sai ka zaɓi rake mafi tsawo, mafi kauri, ka ɗora shi a saman kaya ba tare da ka ɗaure ba. In ka iso shinge, mai kaki ya miƙa hannu ya zare, igiya ta faɗi, ka wuce. Ba ciniki, ba ko kallon ido. Raken hanya suke ce masa. Kai jama'a, har suna aka raɗa wa abin, kamar ɗan halas! Alfari ma haka yake yi shekara da shekaru, yana tsaki yana ɗorawa.

Wata ranar kasuwa da babu lakwal, Nuriya ta ce za ta bi shi. Lokacin ba ta fi shekara tara ba. Tana zaune a kan dami ta ga hannu ya zare rake, ta ga igiya ta faɗi. Sai da suka ɗan yi nisa ta ce, "Baba, wancan bai biya ba."

"Bai biya ba."

"Mushe, malaminmu na lakwal, ya ce mana aikinsu tsare dukiyar mutane ne."

Nan fa Alfari ya gyara zama, abin nema ya samu. Ya ce mata mushe bai yi ƙarya ba, aikinsu ke nan, kuma gwamnati na biyansu a kai. Ya ce kaki ba ya halatta kayan wani, wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba sunansa ɗaya ne, ko da hula ko babu hula. Ya ce ba duka suke haka ba, akwai wanda ya taɓa zama a shingen nan, ko ruwan sha ba ya karɓa. Ya yi ta zuba har jakin ya gaji da ji. Yarinya ta saurara tsaf, sannan ta ce, "To Baba, don me kai da kanka kake zaɓar masa mafi kyau?"

Sai ya huce a kan jaki.

Tambayar nan ta hana shi sakat. Da wane baki zai sake ce wa yarinya ta mayar da mangwaro, alhali ta gan shi yana gyara wa ƙwace wurin zama? Ya gaya wa Kaltuma cewa kasuwa mai zuwa ba zai ɗora ba, kuma da Nuriya zai tafi, ta gani da idonta cewa ana iya ƙi. Kaltuma ta ajiye muciya ta dube shi. "Baban Nuriya, rake ɗaya ne fa. Mutanen nan ba sa'anninka ba ne." Ya ce daga ɗaya ake farawa. Ta ce, "Shi ke nan. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota."

Ranar ta zo. Kaya a ɗaure tamau, sama wayam. Mai kakin da ke bakin igiya, wani matashi ne da bai wuce sa'an ƙanen Alfari ba, ya miƙa hannu ya shafo iska. Ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Tsoho, yau ka manta da mu?"

"Ban manta ba, shef. Na sayarwa ne duka."

Da ma mai kakin ya yi faɗa, da sauƙi. Murmushi ya yi. Ya ce, "Madalla. Gangara gefe. Kwanan nan ana ɓoye kayan fasa-ƙwauri a cikin rake, sai mun duba. Sauke. Kwance kowane dami."

Alfari ya sauke, ya kwance, ya shimfiɗa rakensa a ƙasa cikin rana. Mai kaki kuwa ya koma bakin igiya abinsa, ya ce yana zuwa. Amalanke bayan amalanke na wucewa, kowa da raken hanyarsa a sama. Abokan sana'arsa, waɗanda ya sha yi wa wa'azi a rumfa, wasu suka kau da kai, wani ya ɗaga murya ya ce, "Alfari, Allah ya ba da lada!" aka yi dariya. Rana ta take. Bakin rake ya fara bushewa, ƙudaje suka taru. Masu sari da ke zuwa daga ƙetaren kogi ba sa jiran kowa, kafin azahar sun loda sun tafi, kuma Alfari ya san haka sarai.

Nuriya na tsugune a gindin amalanke, leɓenta ya bushe. Mai kakin ya zaro rake ɗaya daga tulin da ke ƙarƙashin benci, ya karya, ya miƙa mata. "Ungo, 'yan mata." Ta dubi raken, ta dubi ubanta, ta girgiza kai. Wallahi a lokacin Alfari ya ji duk wahalar ta biya. Ya ce a ransa, alhamdulillahi, karatu ya shiga.

Sai wajen la'asar aka zo aka ɗan taɓa rake da ƙafa, aka ce, "Ba komai, tafi." Su biyu suka sake ɗaurewa, ƙaiƙayin rake ya yayyanka wa yarinya hannu. Suka tarar kasuwa ta watse. Abin da ya samu ya sayar a wulaƙance, rabi ya dawo da shi gida, ko kifin miya bai iya riƙo wa Kaltuma ba. A hanya ya ce, "Kin gani ko? Ba mu ba su ba." Nuriya dai tana ta hura tafin hannunta.

Kasuwa ta sake zagayowa. Da safe a bakin gona Alfari yana ɗaura wa jaki amalanke, zuciyarsa biyu, bai gama yanke abin da zai yi ba. Ya juyo ke nan sai ya hango Nuriya ta taka taya ta hau, tana jan wani rake da ya fi ta tsawo. Ƙanenta Sumana na tsaye a ƙasa ya ɗaga kai, tana koya masa.

"Ka gani, mai kauri ake zaɓa. Kuma ba a ɗaure shi. In ba haka ba sai su wulaƙanta Baba."

"Nuriya!" Muryarsa har ta firgita jakin. "Me na gaya miki a kan wannan?"

"Ka ce haram ne." Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sauko ba. "Na sani, Baba. Ban manta ba. Amma don Allah ka bar shi."

Ya tako ya kama raken. Ta zaɓa da kyau kuwa, shi kansa ba zai zaɓi wanda ya fi shi ba. Shekara tara yana tsoron kada ya haifi mai ƙwace, bai taɓa tunanin zai haifi mai miƙawa ba, kuma shi ya kai ta makarantar da hannunsa. Ya dubi tafin hannunta, sawun yankan bai gama warkewa ba. Ya dubi Sumana da ke jiran ya ga abin da Baba zai yi.

Ya saki raken a inda ta ajiye shi, ya ce wa jaki su tafi.

Har yau Alfari na kawo rake Gaya, kuma har yau ba ya cin ko ƙwayar gyaɗar wani. Amma in aka tayar da maganar halas da haram a rumfa, sai ka ga ya miƙe ya ce bari ya je ya duba jakinsa.