Tankin roba da na liƙa da jarka

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce aji shida ba, kuma abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne. Sai na ga in ban rubuta ba, zai ci gaba da cin zuciyata ne kawai.

Ni mai gyaran lagireto ne a Apo, nan Abuja. Tun ina saurayi hannuna ke cikin dalma da tagulla. A da, in lagireton mota ya yi yoyo, gurina ake zuwa. In kunna wutar gas, in goge wurin ya yi fes, in zuba dalma ta bi tsagar ta kwanta. Daga nan in toshe bakunan, in hura iska, in nutsa shi a bahon ruwa. In kumfa bai taso ba, aiki ya yi. Sau uku nake nutsawa, don ba na yarda da gwaji ɗaya. Har tsokanata ake yi a layinmu, wai ina yi wa lagireto wankan tsarki.

Sai motoci suka canja. Tankin sama da na ƙasa suka koma baƙar roba, tsakiyar kuma alminiyam. Dalma ba ta kama ko ɗaya. Da farko na raina abin, na ce roba a inji ai wasa ne. Ashe ba wasa ba ne. Tana jure zafin da ban zata ba, ba ta tsatsa, ga rashin nauyi.

A wannan lokacin ne wani mutumin Filato ya kama rumfar da ke jikin tawa. Na girme shi sosai. Bai taɓa riƙe dalma ba, amma ya san robar nan kamar shi ya haife ta. Wani lokaci ya ɗaga ƙananan haƙoran alminiyam da ke riƙe da tankin ɗaya bayan ɗaya ya sauya tankin ɗungurum. In tsagar ƙarama ce, sai ya ɗauko ƙarfe mai zafi da wasu siraran yankan baƙar roba ya narka a kai. Motoci suka riƙa layi a gabansa har suna tare ƙofata. Ni kuwa sai tsofaffin manyan motoci jefi-jefi.

Kullum da safe sai ya leƙo.

"Baba mai dalma, ka tashi lafiya? Yau ma wanka za a yi?"

"Lafiya lau," in ce, ban ɗaga kai ba.

Bai taɓa yi mini laifi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da mugu ne da na samu abin kamawa. Nakan yi alwala ina istigfari a kan abin da nake ji, in dawo daga masallaci in ga wata mota ta tsaya gurinsa, abin ya dawo sabo.

Mutum ɗaya ya rage mini da nake taƙama da shi, wani Alhaji a Gwarinpa da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Tun motarsa ta farko ni nake taɓa masa lagireto. Wata safiya ya zo da motar da ɗansa ya sauya masa. Na buɗe bonet na duba. Baƙar roba, da tsaga kamar tsawon ɗan yatsa kusa da wuyan tiyo.

"Malam, za ka iya da wannan kuwa?" ya tambaya. "Ko mu ba maƙwabcinka?"

Da na ce a ba shi, da shi ke nan. Taku uku ne. Amma na hango maƙwabcin nawa yana kallonmu yana goge hannu, sai na ji bakina ya ce, "Haba Alhaji, ni da na shekara nawa a aikin nan?"

Na cire lagireton na kai bayan rumfa inda maƙwabcina ba zai gan ni ba. Na sha satar kallonsa yana aiki, a tunanina na gane. Baƙar roba yake narkawa, ni ma ina da tsohuwar baƙar jarka. Na yanka ta sirara, na zafafa ƙarfe, na narka a kan tsagar har ta rufe. Da na goga magagari a tankin, na ji yana ƙara kamar ina gogar dutse, wani gari ya zuba mini a hannu yana ƙaiƙayi. Jarkar kuwa laushi kamar sabulu. Zuciyata ta ce mini ba jinsi ɗaya ba ne. Na danne ta. Na nutsa a baho, ba sau uku ba, sau biyar. Ko kumfa ɗaya, sai na mayar da shi a motar, Alhaji ya tafi. Abin da ban sa a raina ba shi ne ruwan bahona sanyi gare shi.

Washegari bayan azahar aka jawo motar da igiya. Ashe Alhaji na ciki da Hajiyarsa, za su gaisuwar rasuwa a Jikwoyi, cunkoso ya riƙe su a rana, liƙin ya ɓare, inji ya ɗau zafi. Suka tsaya a bakin titi, tsohuwa da ciwon ƙafa. Alhaji bai yi mini faɗa ba. Ya gaishe ni kamar kullum, sannan ya ce wa mai jan motar, "Ɗan matsa gaba kaɗan." Aka tsayar da ita a ƙofar maƙwabcina.

Maƙwabcin nawa ya sa farce ya ɗaga liƙina, ya taho gaba ɗaya kamar ɓawon ayaba. Ya shinshina.

"Kai, wane ne ya sa wannan? Wannan jarka ne fa, oga."

 Maƙwabcina ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya gane. Sai ya rage murya.

"Baba, wannan tanki ba roban bokiti ba ne. Nailan ne, an haɗa shi da zaren gilashi a ciki, shi ya sa yana da ƙarfi kaman ƙarfe. Ba ya yarda da baƙo. Sai ɗan'uwansa. Ka zo gobe in nuna maka, ba komai."

A gaban Alhaji ya faɗi haka, cikin ladabi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na je har Gwarinpa na ba Alhaji haƙuri, na gaya masa gaskiya cewa ban iya ba na karɓa. Ya ce Allah ya yafe mu duka. Amma motarsa can take zuwa yanzu. In ya zo yakan ɗaga mini hannu daga inda yake zaune a bencin maƙwabcina, suna hira suna dariya. Ban san me suke cewa ba. Nakan ce wa kaina ba ni suke yi wa ba.

Goben da ya ce in zo, ban je ba. Na sha miƙewa in nufi rumfarsa, ƙafata ta kai ni gurin mai shayi. Na san girman kai ne, na san hassada ce, na kuma san hukuncinsu. Duk da haka na kasa zama a gabansa a matsayin mai koyo, mutanen layi suna kallo.

Yanzu ina tara fasassun tankuna a bayan rumfa ina gwadawa ni kaɗai. Yankan tanki nake narkawa a kai, amma liƙin sai ya yi kumfa-kumfa ya karye. Na lura shi yakan ajiye tankin kusa da wuta ya daɗe kafin ya fara, ban san dalili ba. Don Allah, duk wanda ya karanta wannan ya san sirrin robar nan mai gilashi, ya sanar da ni me ya sa ake gasa ta tukuna, da irin zafin da take so. In kuma akwai mai koyarwa, ko a Nyanya ne ko Karshi, zan zo. Ya dai kasance ba a Apo ba.