Kunnen Ba Dunoma Mai Nitso

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Gashuwa ya san Ba Dunoma mai nitso. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, domin mutum ne da in ya yi maka raɗa, sai na tsallaken kogi ya ce, "Ƙarya ne." Ba fitina ce ta sa shi ɗaga murya ba. Kunnensa na hagu ruwa ya cinye tun yana saurayi, na dama ne ya rage, shi ma sai ka matso.

A Nguru aka haife shi, gidan masunta. Ubansa da ragar koma yake su, shi kuwa tun yana ƙarami ya raina koma, wai kifin ƙwarai yana can ƙasa cikin rami. Haka ya koyi nitso, daga shi sai gajeren wando da numfashin da Allah ya ba shi. Da ciyawar kacalla ta cinye tafkin Nguru har kwalekwale ya rasa hanya, sai ya kwashi matarsa Yagana da tukwanenta suka dawo Gashuwa, inda kogi ke da sauran zurfi.

Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana shiga kogin nan. Ya san ƙasansa fiye da yadda ya san ɗakin Yagana. Ya san inda wata tsohuwar giyayya ta faɗi ta kwanta, tarwaɗa suka mai da rassanta gidan haya. Ya san ramin minjiryar da ta taɓa girgiza shi har ya fito yana salati da Barbarci. Duk da hannu ya san su, don ruwan namu kunun kanwa ne, ko tafinka ba ka gani.

Wata rana 'yarsa Ummu Salma ta nuna masa wasu masu nitso a waya, a tekun wani tsibiri, kowa da tulun iska a baya. Ruwa garai-garai, duwatsun murjani kamar an yi musu lalle, kifi ja da shuɗi da rawaya suna shawagi ba mai korar wani. Ya kalla sau uku.

"Waɗannan ai yawon kasuwa suke," in ji shi. "A ba ni tulun nan ki gani, sai kun aiko min da tuwo ƙasa."

Can da dariyar ta lafa, sai ya ce a hankali, irin hankalinsa da maƙwabta ke ji, "Ashe akwai inda ake gani a ƙasan ruwa."

Ba kifi kaɗai yake fitarwa ba. In ruwa ya ci mutum, shi ake aika wa, kuma bai taɓa karɓar ko goro ba. A bakin wannan aikin kunnen dama ya fara zubar da jini bara. Likita a Nguru ya leƙa ya ce gangar kunnen ta zama kamar ɓawon albasa, nitso ɗaya mai zurfi zai ƙarasa ta. Yagana ta sa shi ya rantse ba zai ƙara nitso ba. Ya koma gindin bishiya a bakin kogi yana ɗinke wa mutane raga.

A nan Jumare ke samunsa. Jumare Bafillace ne daga wajen Jakusko, shekara ashirin yana ƙetarar da shanu ta mashigin nan, kuma kun san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari. Kullum ta dama yake zagayowa, don kada zagin ya tafi a banza.

"Bawana, an kore ka daga ruwa ne? Ko kifin ne suka gaji da warin Babarbare?"

"Ka ji ɗan daji. Kai da ba ka ƙetara kogi sai ka riƙe wutsiyar sa? Ranar da san nan ya gane ya fi ka hankali, ka shiga uku."

Sai su raba goro, ko Jumare ya ajiye masa ƙwaryar nono ya ce sadaka ce ga bayi.

A watan Agustan bana kogi ya kawo har bakin gonaki. Wata safiya shanun Jumare suka fito a wannan gaɓar su kaɗai. Ba wanda ya ga shigarsa, ba wanda ya ga fitarsa. Kwana biyu kwalekwale suna bin ruwa har ƙasa, ba a ga ko malafarsa ba. Dunoma na zaune da allura a hannu, bai ɗinke idon raga ko ɗaya ba. Ya san inda ruwa ke kai abin da ya ƙwace daga mashigin. Ya kwatanta wa masunta gindin giyayyar, biyu suka gwada, suka fito suna tari, ko rabi ba su kai ba.

A rana ta uku matar Jumare, Halimatusa'adiya, ta zo har gidan Dunoma ta durƙusa a tsakar gida. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kama sunan mijinta ba.

"Baba, malamai sun ce tunda ba wanda ya gani, sai dai in jira. Ba ni da takaba, ba ni da miji. Mutane sun zo, sun rasa ko gaisuwa za su yi min ko jaje. In yana ƙasa, ina so a sa shi a ƙasar da ta dace."

Da ta fita, Yagana ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ka rantse fa. Kunnen ɗaya ne."

"Zan yi kaffara. Kunnen ma me kike zuba min a ciki in ba faɗa ba?"

Ba ta yi dariya ba. Shi ma da ya ga idonta, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yagana, in na bar shi a can, duk abin da zan ji da kunnen nan ba zai yi min daɗi ba." Ta matsa daga ƙofar.

Da hantsi aka kai shi wurin a kwalekwale, da igiya a ƙugu. Nitso na farko ya taɓa rassan. Na biyu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, tarwaɗa na goga masa jiki. A na uku ya gangara can gindi, inda sanyi ke kama ƙashi, hannunsa ya sauka a kan ƙafar mutum. Yana janye rigar daga reshe ya ji kamar an buga masa ƙusa a kai. Ya ɗaura igiyar, ya tashi sama.

Da ya fito ya ga gaɓa cike da jama'a, bakuna na motsi, hannuwa a sama, wata saniya ta miƙe wuya tana buɗe baki. Ya karkata kai, ya bubbuga, ya sa ɗan yatsa ya fito da jini. Wani ya sunkuyo yana masa magana ta dama. Dunoma ya ce, "Ku daina wahala. Ku rufe shi, kada rana ta same shi."

Bayan azahar aka yi jana'iza. Ya shiga sahun gaba, da auduga a kunne. Ya ga liman ya ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. Daga nan sai ya rasa inda ake, domin sallar gawa ba ruku'u ba sujada, kabbara ce kawai, ita kuwa da kunne ake binta. Ya kafa ido a kan likkafanin, yana ta roƙa wa Jumare gafara, yana maimaitawa. Aka yi sallama, sahu ya watse, aka ɗaga makara, shi yana tsaye. Sai da wani dattijon Bafillace ya dawo ya dafa masa kafaɗa, sannan ya yi tasa sallamar, ya bi bayansu.