Ƙugiyar da na manta

Ranar Talata, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, a tsakar gidanmu a Warra, na saka Inna a rukunin WhatsApp na mata masu laushin ƙashi. Wata uku ke nan da ta karye a wuyan hannu a bakin ruwa, kuma tun ranar ba ta son hira da kowa.

Sau biyu na duba gaisuwar da na rubuta musu kafin na tura, amma ban ga wayata ta cinye ƙugiyar "ƙ" ba: "Innata na fama da laushin kashi."

Sai ga muryar wata dattijuwa daga Yelwa: "Ɗiyata mai digiri, nan ƙashi muke jinya, ba zawo ba!"

Kunya ta kama ni. Inna kuwa dariya har da hawaye. Ta karɓe wayar ta ce, "Yaya, ki yi mata haƙuri, boko ne ya yi mata yawa."

Minti ashirin suka yi suna hira.

Ban sani ba ko gobe za ta sake magana, ko yaushe za ta koma bakin ruwa. Yau dai ta yi dariya. Jama'a, a ina ake samo ƙugiyar nan a waya?