Gidan Yaya Hauwa a Jikin Dutse

Asabar: Kano zuwa Riruwai

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame asuba, na fito daga Soron Ɗinki da takarda naɗe a hammata. Ni magini ne, ɗan magini. Daminar bara ta rushe tsohon gidan yayata Hauwa a Riruwai, wata biyu bayan rasuwar mijinta. Na zana mata sabo, amma a raina so nake ta ga wuyar aikin ta biyo ni gida. Har ɗakin mahaifiyarmu na share mata.

Ɗan adaidaita ya fitar da ni ta Ƙofar Ɗan Agundi zuwa tasha. Bakwai saura kwata muka tashi. A Kwanar Dangora na sha koko da ƙosai na ɗari biyar. Shingen jami'an tsaro uku muka wuce a dajin Falgore, mota tsit.

"Malam, takardar fili ce?" in ji direba.

"Zanen gida ne."

"A can dutse ke zana gida."

Na ɗauka surutun direbobi ne.

Sha biyu saura muka isa. Na tarar da Yaya a ɗakin aro, ta rame ƙwarai. Bayan azahar muka hau filin, na baje takarda. Ga zaure, ga tsakar gida a shimfiɗe, ga ɗakinta a kwarin da ke tsakanin duwatsu biyu, don ya yi mini kama da lungunmu. Falalen dutsen da ke tsakiya kuwa, na ce a fasa shi.

Ta kama hannuna ta ɗora kan wani baƙin zane a jikin dutsen.

"Sani, wannan sawun ruwa ne. Inda ka sa gadona, nan yake bi. Falalen nan shi ke raba shi biyu, kuma a kansa Malam maigidana ya yi shekara arba'in yana nafila."

Kunya ta rufe ni. Shekara talatin ina gini a inda ƙasa take kwance, ban taɓa duba ta ina ruwa zai sauko ba.

Lahadi: Riruwai

Tun hantsi nake bin sawun ruwan da ƙafa. Na juya takardar na sake zane. Ɗaki ya jingina da babban dutse, bango na duwatsun wurin, masu ruwan toka da ɗigon ja. Kwarin na bar wa ruwa ya gangara gindin mangwaronta. Ƙofa na kallon falalen.

Ta daɗe tana dubawa. "Yanzu ka zana gidana."

"Yaya, Kano fa?"

"Kano ta haife ni. Nan za a binne ni."

Na naɗe takardar.

Litinin: Dawowa

Takwas na safe na baro ta, ana kiran azahar na shiga lungunmu. Maiɗakina ta tare ni a soro, tana leƙen bayana. Na girgiza kai.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na mayar da kwaɗo a ɗakin mahaifiyarmu, na shiga neman gudumar sassaƙa dutse don aikin Riruwai.