Fijon Baba Barau Tana Jan Hagu

A Rogo in ka ji ƙara kamar ana ɓarzar masara a kan titi, Baba Barau ne da Fijo 404 ɗinsa, a-kori-kura wadda ta girmi duk masu acaɓan garin. Tun ina yaro yake kwasar gyaɗa daga Beli zuwa kasuwa, kuma bakanike bai taɓa sa mata hannu ba. Katanga ya fasa ya yi mata ƙofa, a tsakar gida yake gyara abarsa.

Bayan rasuwar matarsa, Iya Tani, motar ta koyi sabon hali: da an taka birki sai ta karkata hagu. Ranar da ta sauka da shi cikin gonar mutane a hanyar Fulatan, ɗansa Zaharaddini ya taso daga Kano ya ce in ba ta gyaru kafin kaka ba, zai karɓe makulli ya koma birni da tsohon. Daga nan kowace Asabar sai ya zo ganin inda aka kwana.

Baba ya sauya tayoyi, ya daidaita iska, ya kwance sitiyari ya mayar. Tana nan tana jan hagu.

Da yake ni maƙwabcinsa ne, wata rana na leƙa na tarar ya ɗaga gabanta a jak, ya tokare birkin da taɓarya, taɓaryar tana ta zamewa.

"Baba, sakwara za a kirɓa mata?"

"Aƙilu, in bakinka ya gaji, ara mini ƙafarka."

Ashe aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna ya taka, ɗaya ya juya tayoyin gaba da hannu ya ji wacce ta kama. Duk tsawon zamansu Iya Tani ce mai takawa. Ba ta taɓa tuƙi ba, amma ta fi kowa sanin wannan birki. Da ta rasu, ya kasa buɗe baki ya ce wani ya hau kujerar.

Na hau. Ya ce taka, na taka. Ta hagu ta kame ƙam. Ta dama kuwa ya juya ta da yatsa ɗaya, tana ta wulwulawa.

"Fistin ɗin birkin dama ya cije," in ji shi. "Ita kaɗai ta hagun ke aiki, dole ta ja. Kai kuma kana takawa kamar mai kashe kunama."

Ya samo wani a wurin masu tsofaffin kaya a Ƙaraye, ya ɗaura, muka fitar da iskar da ke cikin man birki, yana ƙasa yana ta ce mini taka, riƙe, saki.

Asabar Zaharaddini ya zo, ya ja ta zuwa bayan gari, ya dawo yana murmushi. Ya miƙa makulli da hannu biyu, ya ce Alhamdulillahi, hankalinsa ya kwanta, sai kuma Babbar Salla in Allah ya kai mu. Ko la'asar bai jira ba.

Na ce, "Baba, ka ci nasara, sai ka yanka mini zakara."

Bai yi dariya ba. Yana kallon hanyar da motar ɗan ta bi, ya jefa makullin a aljihu.

"Da mun bar ta ta ƙara mako biyu," ya ce.