Gawon da Ke Bangon Kaka

Jiya maƙwabcinmu a Sabon Gari ya kwaɓa jar ƙasa zai gyara katanga. Ƙamshin na shigowa ya mayar da ni ɗakin kakata a 'Yandoto.

Kaka takan zana gonarmu a bangon ɗakinta da jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi. Amma ba ta taɓa bango sai ta zaga gonar da ƙafa, ni ina biye da ƙwarya. Ta duba gambar da aka dasa a kan iyaka, ta tare zaizaya da duwatsu, ta kewaye 'yan itatuwa da ƙaya saboda awaki. In ta ɗebi ƙasar zane, sai ta cike ramin. Itacen da ya mutu kuwa, da ta dawo take goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

"Abin da ƙafarki ba ta je ta gani ba, kada hannunki ya zana," in ji ta.

Ni mai tsoro ce tun ina ƙarama, sai na juya maganar. Na ɗauka abin da ya goge a bango shi ke mutuwa a gona. Wata damina rufin ya yi yoyo, ruwa ya bi bango ya wanke babban gawon da ke tsakiyar zanen. Washegari na bi Kaka gona. Ga gero kore shar, ga gawo tsaye ba ganye ko ɗaya. Na durƙusa ina kuka, ina cewa ruwa ya kashe shi, kuma mu ne na gaba.

Kaka ta yi dariya har ta dafa gwiwa. "Kishiya, tashi kada ki jiƙa mini gona. Gawo da damina yake tuɓe riga, don ya bar wa gero rana. Ki jira lokacin kaka ki gani."

Da aka yi girbi gawon ya yi ganye, muka je muka gani, sannan ta mayar da shi bango.

Yanzu Kaka ta rasu, mu kuma 'yan bindiga sun raba mu da gonar. Ina tsoron in manta iyakarta, 'ya'yana su tashi ba su san tasu ba, don haka na fara zana ta a bangon ɗakin hayarmu. Na zana gamba, na zana kwari, sai hannuna ya tsaya. Duk direban Tsafe da na tambaya, tunda nan ne kusa da mu, wani ya ce an sare gawon an yi gawayi, wani ya ce yana nan.

Ɗiyata ta ce, "Inna, me ya sa tsakiya ba komai?"

Na ce mata ban je na gani ba tukuna. Ƙasar da zan zana shi da ita tana cikin ƙwarya a ƙarƙashin gado. Kullum nakan yayyafa mata ruwa kada ta bushe.