Ragon da Ya Tona Mini Asiri

Wautar da na tabka a shekarar da na kusa rasa ƙafata ba zan manta da ita ba har a kai ni kushewa. Kuma ba yaro ne ya yi ta ba, tsoho ne mai furfura har a gira. Boko leƙawa kawai na yi aka koro ni saboda surutu, amma a lokacin gani nake duk Bagudo babu mai wayona.

Bayan rasuwar mai ɗakina na ci gaba da zama ni kaɗai, ga ciwon suga, ga hawan jini. Babbar ɗiyata da ke aure a Sakkwato ta kafa mini sharaɗi: ko in yarda a riƙa duba ni a gida, ko ta zo da mota ta kwashe ni. Ni kuwa na san gidan nata. Bene ne, ƙofa kullum a kulle, ba mai yi maka sallama ku taɓa hira. Na ce a turo ko wane ne, ni dai a bar ni a gidana.

Sai ta samo wani ma'aikacin lafiya ta hannun wani kamfani mai tura su gida-gida. Magidanci ne mai fara'a, da babur ɗinsa da jakarsa. Likita nake ce masa, yana ta rantsuwa shi ba likita ba ne. Aikinsa ya auna mini jini da suga, ya ga na sha magani, ya duba tafin ƙafata, sannan ya hana ni duk wani abu mai daɗi a duniya. In ya gama sai ya ɗauke ni hoto ya tura wa ɗiyata, shaidar ya zo.

Hoton nan ne ya ba ni dabara. Na lura a jigace yake isowa, don yana da tsofaffi har Kaoje da Geza, ga damina ta fara ɓata hanya. Ran nan na ce, "Likita, mi za ka riƙa kashe kanka a kaina? Hoto take so. Mu tara mata na kwanaki yau ɗin nan."

Ya zaro ido. "Baba, so kake a kore ni?"

"Wa zai faɗa mata? Ni?"

Yana ta nuƙu-nuƙu, ni kuwa tuni na buɗe akwati. Kai, ranar na ji daɗi! Na sa farar riga na harɗe a gindin darbejiya. Na tuɓe na sa shuɗiya na tsaya bakin rijiya. Na sauya hula, na ɗaga kwalbar magani ina murmushi kamar ɗan takara. Har cewa nake, "Dakata, wannan na Juma'a ne, bari in naɗa rawani." Tun yana tsoro har ya saba. Da babbar salla ta matso muka tara da yawa, don zai tafi garinsu. Duk wannan bidiri ragona na layya, wani ƙaton uda da na saya wurin Fulani, yana ɗaure a bayana yana tuƙa.

Salla ta zo na yanka shi, matan maƙwabta suka soya, na aika wa ɗiyata nata ta hannun direba. Daga nan sai duniya ta buɗe mini. Na nemo abokaina na zamanin fataucin albasa, muka shiga jirgin ruwa sai kasuwar ƙetare, ɓangaren Benin. Soyayyen kifi da yaji, garin rogo da sukari, shayi mai kaurin madara, babu wanda na bari. A cikin jirgi har waƙa na yi. A nan kuma na taka ƙusa ban sani ba, don suga ya riga ya kashe mini tafin ƙafa. Da na ga wurin ya fara ruwa sai na ɗaure da tsumma na zura takalmi.

Wata la'asar na dawo daga ƙetare ina ɗingishi, ledar kifi a hannu, sai ga mota a ƙofar gidana. Ɗiyata na zaune a tabarma, waya a cinya. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta miƙo mini.

"Baba, wannan hoton jiya aka turo mini. Wanga rago da ke bayanka, ba shi ne na ci namansa ba?"

Na duba, ga uda nan garau yana kallona. Na ce, "Ƙanensa ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta ja hanci, ta dubi ƙasa. "Cire takalmin nan."

Abin da ta gani ya sa ta salati. A ranar muka nufi asibiti. Yatsa ɗaya aka cire, kuma likitan gaske ya ce da mun ƙara jinkiri da ƙafar ce gaba ɗaya. Nawa Likitan ya zo kansa a sunkuye. Na ce laifina ne, ni na ja shi. Ɗiyata ta ce, "Ai don ya fi ka hankali aka ɗauke shi." Kamfani ya janye shi, kuma har yau abin na ci mini rai.

Da aka sallame ni ta fara haɗa mini kaya. Nan wayona ya ƙare. Na roƙe ta kamar yadda ban taɓa roƙon mutum ba, na ce in ta kulle ni a benen nan ba zan kai wata daminar ba. Daga ƙarshe ta sauke jakar. Aka kawo wata dattijuwa da ta yi aikin asibiti, wadda gaisuwarta ta farko ita ce, "Tsoho, miƙo ƙafar." Na gwada ta da goro, na gwada ta da barkwanci, ta karɓi goron ta leƙa tukunyata. Ita ce ta riƙe ni a gidana har yau.

Na gane mai kula da tsoho na ƙwarai shi ne wanda tsohon ba ya iya juyawa, kuma ni kaina na cuta da na mai da nawa abokin wasa. Amma abin da ya fi zama mini shi ne maganar ɗiyata ranar da za ta koma. Ta riga ta shiga mota, sai ta sauke gilashi ta ce, "Baba, da a ce ka mutu a ɗakin nan, kwana nawa zan yi ina kallon hotonka ina cewa alhamdu lillahi?"

Ta ɗaga gilashin, motar ta tashi.